An hana madam biza, kuma rabin laifin nawa ne

Ina wurin aiki ta kira ni ta bidiyo, na fita baranda na ɗauka. Ambulan ce a hannunta irin ta leda ɗin nan mai ƙarfi, ta ce masinja ya kawo yanzun nan, ita ba za ta iya buɗewa ita kaɗai ba. Na ce bismillah buɗe mana, ni a raina ai an gama, har na fara lissafin ranar da zan ɗauki hutu. Ta yage leda, ta zaro fasfo, tana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara, ta kai ƙarshe ta dawo farko, ba komai. Sai ga wata farar takarda a ninke ta faɗo mata a cinya. Kafin ma ta karanta na sha jinin jikina, don wanda aka ba biza ba a haɗa masa da wasiƙa mai shafi biyu.

Bari in ɗan koma baya don ku gane yadda zamanmu yake. Ni ina zaune ina aiki a ɗaya daga ƙasashen Shengen, da katin zama, ba fasfonsu gare ni ba. Madam kuma 'yar wata ƙasa ce daban, ba ƙasarmu ɗaya ba, a wurin karatu muka haɗu, muka yi aure, ita ta koma gida tana koyarwa a makaranta ni na samu aiki a nan. Wato ƙasa uku ke cikin maganar, tawa, tata, da wadda nake zaune. Ba zan faɗi sunan ko ɗaya ba, ta ce in na kuskura na sa sai ta sa na goge rubutun, kuma dai ba shi ne abin da ya kawo mu ba. Abin da muke so ɗan ƙarami ne, ta zo hutun makaranta ta yi sati uku ta ga inda mijinta yake kwana yake tashi, ta koma bakin aikinta. Shi ke nan fa. Kullum ni ke zuwa wurinta, muna so ko sau ɗaya ne ita ma ta zo.

Ga wanda bai sani ba, Shengen sunan wani ɗan ƙauye ne a Luksambur inda aka sa hannu a yarjejeniyar buɗe iyakoki tsakanin wasu ƙasashen Turai a 1985, yanzu ƙasashe 29 ne a ciki, biza ɗaya ta ishe ka shiga dukkansu. Suwizalan da Norwe suna ciki duk da ba sa Tarayyar Turai, Ayalan kuma tana Tarayyar amma ba ta ciki, Ingila ma tata bizar daban ce kwata-kwata, kar wani ya ruɗe ka. Bizar ziyara suna ce mata nau'in C, ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ba a aiki da ita. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, da can 80 ne, ban da abin da kamfanin da ke karɓar takardu zai caja nasa. An ba ka ko an hana ka kuɗin ya tafi, ba a mayarwa.

To kuskurenmu daga ina ya faro? Daga wani ejen. Wata ƙawar madam ce ta haɗa ta da shi, wai ya yi wa mutane da yawa. Maganar farko da ya faɗa mata ita ce kar ta kuskura ta ambaci cewa mijinta yana can, in suka ji haka za su ce zama za ta je yi, gara ta nema a matsayin 'yar yawon buɗe ido kawai, shi zai haɗa mata bukin ɗin otal da tsarin tafiya, yau gidan tarihi gobe bakin kogi jibi kasuwa. Da ta faɗa min raina bai kwanta ba, amma na ce ai shi sana'arsa ce ya fi mu sani, kuma wallahi a kunne maganar tana da daɗin ji. Na yi shiru. Wannan shirun nawa shi ne laifina na farko.

Na biyu kuwa ni na tafka shi da hannuna ba wanda ya sa ni. Na duba abin da ke asusunta na ga albashin malamar makaranta ne, yana shiga yana fita, a raina na ce waɗannan mutanen kuɗi suke son gani, bari in cika mata akawun. Saura kwana goma ta kai takardu na tura mata kuɗi mai kauri a dunƙule. Ku tsaya ku kalli abin da kyau yadda ma'aikacin biza zai kalle shi. Ga mace ta cike fom ta ce tana da aure, ta ce yawon buɗe ido za ta je ita kaɗai, otal za ta sauka, ba ta ambaci kowa a ƙasar ba. Sai ka buɗe takardar bankinta ka ga wata biyar kuɗi na tafiya a hankali, kwatsam ga wani tulin kuɗi ya faɗo, ka duba wa ya turo, namiji ne, daga wani banki a ainihin ƙasar da ta ce ba ta san kowa ba, kuma sunansa na nan ɓaro-ɓaro a layin. Ko ni ne a kujerar nan ba zan bayar ba. Garin gyaran gira muka tsone ido.

Takardar hanin fom ne guda da duk ƙasashen ke amfani da shi, an jera dalilai da ɗan akwati a gefen kowanne, ma'aikaci ya sa alama a wanda ya shafe ka. Namu biyu aka yi wa alama. Ɗaya yana cewa bayanin da aka bayar kan dalilin tafiyar ba abin dogaro ba ne, ɗayan kuma akwai shakku kan ko za ta fita kafin bizar ta ƙare. Ba wani ƙarin bayani, ba wanda zai zaunar da kai ya ce ga inda ka yi kuskure, kai za ka zauna ka yi ta jujjuya jimla biyu kamar mai fassara mafarki.

Daren nan mun yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Ta ce ni na turo kuɗin, na ce ke kika kawo ejen, ta ce ai na ji na yi shiru, na ce to da me kike so in ce. Daga nan ta faɗi maganar da har yau take min ciwo, ta ce ita ba hanin ne ya dame ta ba, abin da ya dame ta shi ne ta zauna da hannunta ta cike takarda kamar ba ta da miji a can, kamar aurenmu wani abin kunya ne da ake ɓoyewa. Na rasa amsa. Kwana biyu muna gaisuwa sama-sama.

Wanda ya warware min kan zaren wani dattijo ne da muke gari ɗaya, ya fi shekara talatin a nan, ya gayyato mutane ba adadi, wasu an ba su wasu an hana. Na kai masa takardar har gida, ya sa tabarau ya karanta, ya tambaye ni me da me muka haɗa, na zayyane masa tas ban rage ba. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, ɗana, kai duk ƙarfinka ka sa shi wurin nuna musu za ta iya zuwa, su kuwa ba zuwanta ne ya dame su ba, komawarta suke tambaya, me ka sa a fayil ɗin nan da ke nuna akwai abin da zai ja ta gida? Na ce Baba akwai takardar wurin aiki. Ya ce me ta ce? Na kira madam ta karanto mana, layi biyu ne, wai ana tabbatar da cewa wance ma'aikaciyarmu ce. Ba ranar da ta fara aiki, ba albashi, ba maganar hutu, ba ranar da ake jiran ta dawo. Baba ya yi dariya ya ce wannan ai ko wanda aka kora jiya zai iya samun irinta.

Tun daga ranar na daina kallon abin a matsayin jarrabawar arziki. Kuɗi na da muhimmanci, ba a ce ba, dole a ga abin da za ta ci ta kwana ta koma da shi. Amma mutumin da ke bayan gilashin nan bai san ku ba, bai san soyayyarku ba, takardu ne a gabansa da 'yan mintuna, kuma a idonsa miji a can dalili ne na zama ba na komawa ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ejen bai yi ƙarya ba a nan. Inda ya ɓata shi ne maganin da ya bayar. In akwai abin da ke jan mutum ya zauna, ba ɓoye shi ake ba, don zai fito ko ta banki ko ta tambaya ko a filin jirgi, sai dai ka ajiye shi a fili sannan ka tara abin da ya fi shi nauyi a ɗaya ɓangaren. Ba Turai kaɗai ba ma, dokar Amurka a sashen da ake kira 214(b) ɗauka take duk mai neman bizar ziyara zama ya zo yi har sai ya gamsar da su akasin haka. Tunanin ɗaya ne ko'ina, salon tambayar ne ya bambanta.

Akwai damar ɗaukaka ƙara, a jikin takardar hanin ake rubuta inda za a kai da wa'adin da aka ba ka, kuma kowace ƙasa da nata tsarin, Jamus misali ta soke hanyar rubuta wa ofishin jakadanci ƙorafi daga 1 ga Yulin 2025, saura kotu ko sabon nema. Mu dai ba mu ɗaukaka ba, don me za mu ce? An zalunce mu? Fayil ɗin da muka kai ne gurgu. Muka bar hutun nan ya wuce, na sayi tikiti na je wurinta kamar kullum, muka zauna a tebur da biro da takarda muka fara shirin dogon hutu tun saura wata biyar.

Abu na farko da muka yanke, ba ejen. Duk abin da ake buƙata yana shafin ofishin jakadancin a intanet, jerin takardu ne a rubuce, kyauta. Na biyu, ban ƙara tura mata ko sisi ta wannan asusun da sunan cika ido ba, muka bar shi ya nuna abin da yake, albashi na shiga ƙarshen wata, haya na fita, 'yan sayayya, ɗan abin da take tarawa. Ba yawa amma kowane layi tana iya bayaninsa ido rufe. Nauyin tafiyar kuma ni na ɗauka a hukumance, ba ta bayan gida ba. Kusan kowace ƙasa tana da takardar da mai gayyata ke yi, a Faransa a ofishin magajin gari ake yin ta, a Sifen wurin 'yan sanda, a Jamus ofishin kula da baƙi, wata shaidar masauki ce kawai wata kuma alkawarin ɗaukar duk wani kashe kuɗi ne. Na je da takardun albashina na wata uku da yarjejeniyar hayar gidana da katin zamana, ma'aikaciyar ta tambaye ni ko na fahimci abin da nake sa wa hannu, na ce ai matata ce, ta ce ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ta yi gaskiya, na koma na karanta. Ku ma ku karanta kafin ku sa hannu, musamman in ba matarka ba ce ko mijinki, wata takardar tana bin mutum har bayan baƙon ya wuce wa'adinsa.

Sai ɓangarenta, wanda shi ne zuciyar abin. Ta koma wurin shugabar makarantarsu ta ce a sake mata wasiƙa, wannan karon da shekarar da ta fara aiki, da matsayinta, da albashinta, da ranar da hutu zai fara da ranar da za a koma aji, da cewa ana jiran ta a ranar. Muka haɗa da kalandar makarantar ma. Takardun albashi na wata shida. Yarjejeniyar hayar gidanta da ke da sauran kusan shekara. Mahaifiyarta a wurinta take zaune, ita ke kai ta asibiti duk wata, muka sa takardar likita da ke nuna haka. Takardar aurenmu, da fassararta daga mai fassara da hukuma ta amince da shi, wannan kaɗai ya ci mana kusan sati biyu, kar ku bar shi sai ƙarshe. Kwafin shafukan fasfona masu hatimin shiga da fita na ƙasarsu, don a ga ina zuwa, aure ne na gaske ba na takarda ba. Hotuna guda huɗu kawai muka sa, na ga masu buga hirar WhatsApp shafi hamsin, ni dai ban ga amfanin ba, wa zai karanta, kuma wasu maganganun ai ba na idon baƙo ba ne.

Wasiƙar da ta rubuta da kanta ita ta fi ba mu wahala, mun yi ta sau biyar. Ta farko da na rubuta mata shafi uku ce cike da kewa da begen juna, ta karanta ta ce wannan ai ni ka rubuta wa ba su ba. Ta ƙarshe shafi ɗaya ce. Ni wance, malama a makaranta kaza, zan ziyarci mijina daga ranar kaza zuwa ranar kaza, kwana 24, a gidansa zan sauka, shi zai ɗauki nauyi, zan dawo saboda kaza da kaza. Sai sakin layi biyu da muka daɗe muna gardama a kansu. Na farko ya amsa tambayar da muka san tana ran duk wanda zai buɗe fayil ɗin, in mijinki yana can me ya sa ba ki nemi bizar haɗa iyali ba? Wannan wata biza ce daban ta dogon zama, nau'in D, da nata sharuɗɗan, kuma ba a shiga da bizar ziyara a ce za a juya ta daga ciki, galibi komawa gida za a ce ka yi ka nema. Ta rubuta cewa ta san da wannan hanyar, ba ta neme ta ba ne saboda a yanzu ba ta da niyyar barin aikinta da mahaifiyarta, ranar da suka yanke shawarar zama tare ta wannan ƙofar za ta bi.

Na biyun shi ne maganar hanin farko. Ni na so a yi shiru a kai, har yanzu ban gama warkewa daga ciwon ɓoye-ɓoye ba ke nan. Ita ta ce a'a. Kuma ita ke da gaskiya, don duk wanda ya nemi bizar Shengen bayanansa da hoton yatsunsa suna shiga rumbu guda da duk ƙasashen ke gani, har da hanin, shekara biyar yana nan. Shi ya sa masu cewa in wannan ƙasa ta hana ka ka zagaya ta waccan suke ba ni mamaki, allon da wancan ya gani shi wannan zai gani, ga shi kuma doka ta ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema, ba wadda aka ce maka ta fi sauƙi ba. Ta rubuta jimla uku, cewa ta taɓa nema a watan kaza an hana ta, a lokacin ba ta bayyana cewa mijinta na zaune a ƙasar ba bisa shawarar da aka ba ta, wannan kuskure ne kuma kuɗin da aka gani a asusunta daga wurinsa ne. Da na karanta gabana ya faɗi, na ce kin miƙa musu wuƙa fa. Ta ce ai wuƙar tana hannunsu tun tuni.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma kowanne na iya mayar da mutum gida daga wurin karɓar takardu. Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar fita, da shafi biyu da ba komai a kai. Inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000, mai aiki a duk ƙasashen Shengen, ta rufe kwanakin gaba ɗaya, mu har kwana biyu muka ƙara a kai. Tikiti kuma bukin muka yi ba mu biya ba, don karon farko na sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa saboda tsabar yarda da kai, wannan asarar ban ma faɗa wa madam adadinta ba sai daga baya. Ana iya kai takardu tun saura wata 6 tafiya, kuma kar ya gaza kwana 15, amsa yawanci cikin kwana 15 take fitowa amma tana iya kaiwa 45. Wahalar ba a nan take ba, samun ranar kai takardun ne, lokacin hutu kowa na nema. Sati biyu tana buɗe shafin safe da dare ba gurbi, ranar da ta samu ƙarfe ɗaya na dare ta kira ni tana ihu na ɗauka wani abu ne ya faru. Abu ɗaya da hanin farko ya amfane mu da shi, an riga an ɗauki yatsunta, kuma yana aiki har wata 59.

Kwana 19 muka yi muna jira. Na hana kaina duba shafin bibiya fiye da sau biyu a rana, ban iya ba. Wannan karon ba ta kira ni ta bidiyo ba, hoto kawai na gani ya shigo, shafin fasfo da sitika a manne, ba ko kalma ɗaya a ƙasa. Na zauna a kan matakala ina kallo kamar ban iya karatu ba.

A nan ma saura ƙiris mu sake yin wata ɓarnar. A jikin sitikar akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, na ƙirga na ga kwana 39, na ce kai, sun ƙara mana, bari in ɗaga tikitin komawa ta ƙara ko sati ɗaya ne. Allah ya sa na tura wa Baba hoton. Ya kira ni ya ce ɗana duba layin ƙasa, me aka rubuta a wurin tsawon zama? Na duba, 24. Shiga kuma 01, wato sau ɗaya. Ashe kwana 15 ɗin da suke ƙarawa sarari ne kawai ko tafiya za ta ɗan goce, ba ƙarin kwanan zama ba ne, kwanakin da aka rubuta su ne naka, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Da na bi lissafina da ta wuce wa'adi a zuwanta na farko, bayan duk wasiƙar nan da ta rubuta.

Biza kuma ba ita ce shiga ba, jami'in kan iyaka yana da ikon tambaya har ya mayar da mutum. Na ce mata ta riƙe kwafin komai a jakar hannu kar ta sa a akwati, ta ce na cika tsoro. Jirginsu ya sauka, ina tsaye a wurin tarba da fure a hannu kamar wani sabon saurayi, mutanen jirginsu suka fito suka ƙare, minti arba'in ba ta ba labarinta, wayarta ba ta shiga. Na zagaya wurin nan ban san sau nawa ba. Can sai ga ta tana jan akwati tana dariya, wai layi ne mai tsawo, da ta isa jami'in ya tambaye ta wurin wa ta zo, ta ce mijina, ya ce ina tikitin komawa da takardar gayyata, ta zaro fayil ta miƙa, ya duba shafi biyu ya buga hatimi. Ta ce kalmar mijina ɗin nan da ta faɗa da ƙarfi a gaban gilashi ita ta fi mata komai daɗi a tafiyar.

Kwana 22 ta yi, muka bar biyu a matsayin rara ko jirgi zai ba da matsala. Hutun kansa ba zan ba ku labarinsa ba, namu ne, illa dai ta ce gidana kamar ɗakin ɗalibi, ta sa na sayi labule. Da ta koma ta ɗauki hoton hatimin fita da katin shiga jirgi ta adana, lokacin ana buga hatimi, yanzu tun 12 ga Oktoban 2025 sun fara sabon tsarin da kwamfuta ke rubuta shiga da fitan mutum da hoton fuska da yatsu, wato lissafin kwanakin ba ya hannun kowa sai na'ura.

Yanzu muna shirin nema na uku. A dokar bizar akwai tsani, wanda ya samu biza uku ya yi amfani da su yadda ya kamata cikin shekara biyu ana iya ba shi ta shekara ɗaya mai shiga da yawa, daga nan ta shekara biyu, daga nan biyar. Mu muna matakin farko, ɗaya a hannu. Fayil ɗin yana nan a durowarta, shuɗi, ta rubuta abin da ke ciki a bangonsa da jan biro, takardun banki da na albashi kawai za a sabunta sai sabuwar wasiƙar makaranta. Jiya ta turo min saƙo wai shugabar tasu ta yi tafiya sai sati mai zuwa za ta sa hannu, kuma wai in duba ko yarjejeniyar hayata ba ta ƙare ba. Na duba, saura wata ɗaya, gobe da safe zan kira mai gidan.